Filin keke a bakin Nil Azrak: yadda na yi zanensa

A Sudan, ɗalibin zanen gine-gine ba ya fita jami'a sai ya ɗauki aiki guda a shekararsa ta biyar, ya bi shi tun daga neman fili har lissafin buhunan siminti, sannan ya tsaya gaban malamai ya kare shi. A ajinmu na 2022, asibiti da otal da tashar jirgin sama aka yi ta wawaso. Ni kuwa na rubuta cewa dandalin wasanni da shaƙatawa nake so in zana a bakin kogin Nil Azrak, reshen Nilu da ke gangarowa daga Habasha, tsakanin Sinnar da garinmu Mai Wurno, domin masu hawa keke da baƙin da ke zuwa kallon ruwa. Malamin da aka haɗa ni da shi ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Keke? To, babu laifi. Amma kada ka ja mini layi ko ɗaya sai ka zo mini da labarin ruwan wurin."

Dalilin keken a fili yake ga duk wanda ya zauna ƙasar a lokacin. A watan Yunin 2021 gwamnati ta cire hannunta gaba ɗaya daga tallafin fetur da dizal, a watan Yuli kuma hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Kuɗin mota daga Mai Wurno zuwa kasuwar Sinnar, tafiyar wajen kilomita 15, ya zama abin da sai magidanci ya yi shawara da aljihunsa. Sai tsofaffin kekunan Phoenix da suka shekara a jingine cikin zaure suka fito, aka goge su, aka sa musu sabuwar taya. Masu kifi, masu nono, 'yan makaranta da malamansu duk suka hau titin da ya tashi daga Sinnar ya bi ta Sinja zuwa Damazin, suna gogayya da manyan motocin gawayi da dawa da riɗi, a titin da babu gefen da mai keke zai raɓe. Ga kuma wasu samari 'yan tsiraru masu keken tsere, da hular kwano da matsattsun kaya, da ke fita bayan sallar asuba. Duk waɗannan nake nufi idan na ce masu keke.

Ga wanda ke karanta wannan daga Kano ko Maraɗi: Mai Wurno garin kakanninmu ne da suka yo gabas bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har suka yada zango a gaɓar yamma ta wannan kogi, sunansa ya bi garin. Har gobe da Hausa da Fulatanci ake ciniki a kasuwarmu, kuma duk mai son taka filin bakin kogi da igiyar awo, ko ɗalibi ne, sai ya fara zuwa fada ya yi gaisuwa ya faɗi abin da ke tafe da shi. Kawuna ya raka ni muka yi hakan.

Labarin ruwan daga madatsar Sinnar ya fara. An gama ta a 1925, tsawonta mita 3,025, kuma ita ke tura ruwa cikin manyan magudanan da ke shayar da gonakin Jazira da Managil. Wanda ke ƙasa da madatsa, kamar mutanen Wad Madani da Khartum, ruwa ɗaya ya sani: kogi ya tumbatsa a Agusta, ya janye da rani. Mu da ke sama da ita ruwa biyu gare mu. Da damina, lokacin da kogin ke gangarowa daga tsaunukan Habasha jajir da laka, masu kula da madatsa buɗe ƙofofin ƙasa suke yi, guda 80 ne, su bar tafkin a ƙasa domin lakar ta wuce kada ta kwanta. Wannan ruwa mai gudu ne, shi ke cin gaɓa ta ƙarƙashi har ta rufta da itacen da ke kanta. Sai ƙarfin ambaliya ya karye, wajen Satumba zuwa Oktoba, sannan a rufe a tara. Tsakanin matakin da ake riƙe tafkin da damina, mita 417.2 sama da teku, da matakin cikarsa, 421.7, akwai mita huɗu da rabi. Ruwa na biyun nan a hankali yake zuwa, ya kwanta kan fadama wata da watanni, ya jiƙa ƙasa har ciki, sannan ya riƙa ja da baya gwargwadon yadda Jazira ke sha. Duk inda ya saki, manoma na biye da shi da irin wake da kuɓewa da tumatir da kabewa.

Mita huɗu da rabi a tsaye, idan gaɓa mai kwanciya ce, tafiya ce mai nisa a kwance. Na jera tsofaffin hotunan Google Earth na wurin a kwamfuta, na watanni daban-daban, sai ga bakin ruwa yana yawo: inda yake tafki a hoton Nuwamba, gona ce a hoton Mayu. Taswirar da na samu kuwa shuɗin layi guda ta ja ta ce ga kogi.

Kuɗin hayar na'urar awon ƙasa ya fi ƙarfin aljihuna, don haka na ari dabarar magina. Siririn tiyo ne mai haske, mita 20, a cika shi da ruwa a kori kumfar iska, ruwan bakin nan da na bakin can kullum a layi ɗaya suke tsayawa. Ƙanena ya riƙe baki ɗaya a jikin sanda mai zanen santimita, ni na riƙe ɗayan, muna hawowa daga bakin ruwa zuwa titi ina rubuta bambanci. Wani tsohon masunci yana zaune kan kifaffen kwalekwale yana ɗinkin koma, ya daɗe yana kallonmu kafin ya yi magana, ya kira ni da laƙabin da ake yi wa injiniya a Sudan.

"Bashmuhandis, me ya ɓata ake nema?"

"Baba, inda ruwa ke tsayawa nake nema."

"Wanne daga ciki?"

Ya ajiye komar, ya ja mu gindin wata bagaruwa. Daga ƙasa zuwa kusan ƙirjina ɓawonta baƙi ne sumul, da busasshen gansakuka a manne. Ya ɗora tafinsa inda baƙin ya ƙare ya ce wannan na kowace shekara ne, idan an rufe ƙofofi. Ya ɗaga sandarsa ya nuna wani sara da aka yi da gatari can sama da kaina, kusa da wata tsohuwar leda da ta sarƙe a reshe: "Wannan na shekarar korona ne. Ni na sare shi, ina cikin jirgi." Sannan ya juya ya nuna wata tsamiya can kusa da titi ya ce na 88 kam bagaruwar nan ba ta isa ba da shaida ba, amma ruwa ya lashi gindin waccan. Ambaliyar 2020 da yake magana, ita ce wadda ma'aunin Khartum ya kai mita 17.66, ya wuce na 1946 da na 1988, har gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci ta wata uku. Muka ja tiyo zuwa saran gatarin da gindin tsamiyar, na sa su cikin littafi. Da waɗannan alamu da lambobin madatsa na koma wurin malamina, ya duba ya ce in ƙara mita guda a kan mafi tsawon alama, duk abin da ke da rufi da ƙofa kada ya sauko ƙasa da nan. Ranar ya ba ni izinin fara zane.

Filin da na zaɓa tsiri ne mai tsawon mita 900 tsakanin titi da ruwa, nesa da madatsar, don kusa da ita ba wurin da ake barin mutum ya yi awo ko ya ɗauki hoto ba ne. Kafin in sa komai a takarda sai in tambayi kaina: wannan abu zai iya kwana wata uku cikin ruwa ya fito lafiya? Amsar ce ke nuna masa mazauni. Masallaci, banɗaki, rumfunan gyaran keke, shaguna, ofis da ɗakin batir suka hau tudu. Abin da zai jure ruwa sau ɗaya a shekaru masu yawa, kamar filayen ƙwallo da babbar hanyar keke da benci na kankare, ya zauna tsakiya, sama da baƙin bagaruwa amma ƙasa da saran gatari. Can ƙasa kuwa, inda ruwa ke zuwa duk shekara, ban gina komai ba sai faffaɗar matakala ta dutse da ke gangarawa cikin kogi, wadda ko ina ruwa ya tsaya akwai mataki ɗaya a bakinsa, da wata gangara ta jan kwalekwale. Gonakin fadama na bar su yadda na same su. Wani abokin karatuna ya ce na yi asarar mafi kyawun wuri, da shi ne nan zai kafa gidan cin abinci a kan ginshiƙai. Ni a ganina mai tumatir ya riga mu zuwa, kuma koren gonarsa da rani ya fi duk wata ciyawar ado da zan shuka in rasa mai ba ta ruwa.

Gaɓar da ruwan damina ke ci, a kudancin filin inda kogi ya yi gwiwa, nan na sa kwandunan waya cike da dutse, hawa-hawa, da jema a shuke a bayansu saboda saiwarta mai nitso. Bangon kankare ya fi kyau a hoto, amma idan ruwa ya rarake ƙarƙashinsa gaba ɗaya yake kifewa. Kwandon dutse kuwa lotsawa yake yi ya bi ƙasa, a zo a ɗora wani. Dutse ba ya da nisa, ga Jabal Moya nan yamma da Sinnar.

Sai ƙasa. Duk yankin baƙar laka ce irin ta Jazira, wadda auduga ke so, magini ke tsoro. Da rani takan dare har ƙafar akuya ta shige, da damina ta sha ruwa ta kumbura kamar ƙullin da ya kwana, ta ɗaga duk abin da aka ɗora mata. Shi ya sa gidajen bulo da yawa a Sinnar ke da tsaga daga kusurwar taga zuwa ƙasa. Gine-ginen tudu na ɗora su kan ginshiƙan kankare da ake haƙa wa rami mai zurfi har a wuce inda laka ke motsi, daɓen kuma a rataye, da sarari tsakaninsa da ƙasa. Hanyar keke ce ta fi ba ni ciwon kai, don ba a kafa wa hanyar kilomita biyu ginshiƙai. Mai keken tsere kwalta yake so, sumul, amma kwalta a kan wannan laka ba ta shekara biyu sai ta yi tsaga da tudu, gyaranta kuma sai an kira kamfani da injuna. Jan bulo akwai shi a arha, ga masu gasa shi nan a bakin kogi, sai dai yana girgiza siririyar taya kuma yana cinyewa. Na tsaya a kan a kwashe lakar sama, a zuba burji a daddanne shi hawa-hawa, a shimfiɗa yashi, sannan a jera bulon siminti mai shiga juna, irin mai miƙaƙƙen baki wanda ba a fiƙe gefensa ba, domin taya ta wuce ba gargada. Idan wani wuri ya kumbura, mutum biyu da shebur za su cire, su daidaita, su mayar kafin azahar. Faɗin hanyar mita huɗu, masu zuwa da masu komowa, da karkata ta kashi 2 cikin ɗari wajen kogi don ruwan sama ya zurare. Hawa ko'ina bai wuce kashi 3 ba, sai a gajerun wurare ya kai 5, saboda mai ɗauke da kifi ko garwar nono kekensa ba shi da giyar sauya gudu, da ƙarfin cinya yake hawa. Masu tafiya a ƙasa na ba su tasu hanyar daban, mita biyu da rabi, ta ɓangaren ruwa, da layin itatuwa a tsakani.

Wane itace, wannan a rumfar mai faci na koyo shi. Akwai wani dattijo a bakin kasuwarmu da ya gyara keken mahaifina, ya gyara nawa. Na same shi ya tsoma tub cikin kwanon ruwa mai launin shayi, yana juya shi a hankali har kumfa ta taso, ya danne wurin da babban yatsa, ya goge da tsumma, ya kankare da guntun fayil, ya shafa gam yana hurawa. Na buɗe masa takardata ina bayani, bai ɗago ba sai da ya manna facin ya buga shi da ƙotar sukundireba. Sannan ya miƙo mini wani gwangwanin madara. Cike yake da ƙaya.

"Ka ga abincina nan, ɗana. Rabi miskit, rabi bagaruwa. In kana so in yi arziki, shuka su a bakin hanyarka."

"Kawu, bagaruwa ce kaɗai ke jure kwana cikin ruwa."

"To bar ta cikin ruwan. Keke ai ba ya iyo."

Haka aka yi. Bagaruwa ta tsaya can ƙasa inda take tun asali, tana riƙe gaɓa. Dazuzzukanta na bakin Nil Azrak ne ma suka daɗe suna ba jirgin ƙasan Sudan katakon shimfiɗar dogo. Miskit, wanda aka shigo da shi don tare hamada ya zo ya zama annoba a gonaki, na rubuta a tumɓuke shi da saiwa. Gefen hanya na jera darbejiya da maɗaci, ba ƙaya, ga inuwa da rani lokacin da ake nemanta. Gawo na so shi don kyansa, amma wajen filin ajiye motoci na kai shi. Dattijon ya ƙara mini abubuwan da babu su a littafi: rumfar gyara ta kalli hanya kada ta ɓuya bayan shaguna, a ja mata famfon ruwa, a sa ƙugiya a rufi ta rataye keke, kuma maƙalar keke ta zama a inda mai shi zai hango abinsa yana shan shayi, in ba haka ba kowa da kekensa zai shiga har kan tabarma. Maƙalan na yi su da lanƙwasasshen bututun ƙarfe, mita guda tsakanin kowane biyu, a ƙarƙashin rumfar da rufinta farantan sola ne, sun kalli kudu da ɗan karkata kamar digiri 15, daidai da inda Sinnar take a doron ƙasa. Su ke ba fitilun hanya wuta, don wutar gwamnati a lokacin sai ta yini ba ta zo ba.

Hanya mai kyau a Sudan, in ba a tsare ta ba, ta masu raksha ce, wato babur mai ƙafa uku, kafin mako ya zagayo. Faɗin raksha wajen mita 1.3 ne, keken guragu na bukatar santimita 90, keke da akwatin kifi a kariya bai cika wuce mita guda ba. Don haka na kafa turakun kankare a kowace mashiga, mita 1.2 tsakaninsu. Babur kam ba turken da ke hana shi, sai mai gadi da idon jama'a, haka na rubuta a rahoton ba tare da kwana-kwana ba.

Akwai kuma masu haƙƙin da ba sa zuwa taro. Shanun Fulani na sauka mashaya ta arewacin filin, burtalinsu ya girmi titin kwalta. Na bar musu faɗinsa, na daɓe inda ya ratsa hanyar keke da dutse mai kaushi, na sa 'yar ƙofa a kowane gefe da makiyayi zai ja idan garke zai wuce. Masu lambun ayaba da mangwaro da gwaiba na da injunan ban-ruwa a bakin kogi, bututansu na hawa suna sauka da ruwa, don haka na binne musu faffaɗan bututun siminti a ƙarƙashin hanya da za su riƙa zura nasu ciki, kada a wayi gari wani ya fasa daɓe da diga.

Wasannin kansu ba su ɗauke ni lokaci ba. Filayen ƙwallon 'yan biyar-biyar guda biyu, mita 40 da 20, don shi samari ke yayi, da filin ƙwallon raga, 18 da 9, duka a miƙe kudu da arewa kada rana ta shiga idon mai tsaron gida. Malamina ya tambaya ko zan sa zagayen tseren keke irin na gasar duniya, mai mita 250 da bango a karkace. Na ce, "Dakta, wannan sai keke na musamman marar birki, kuma duk jihar ban san mai irinsa ba." Maimakonsa hanyar ta zagayo ta haɗe, kilomita biyu cif, mai tsere ya ƙirga zagayensa da asuba, mai kasuwa ya bi ɓari ɗaya ya fita ta arewa ya nufi Sinnar. Na ware wani ɗan fili mai laushin ƙasa na yara masu koyo, da rumfar hayar keke a gefensa. Gaɓar yamma ta yi mini wata kyauta: mai zama yana kallon ruwa gabas yake kallo, da la'asar rana na bayansa, inuwar gine-gine da itatuwa na zubowa kan matakala daidai lokacin da mutane ke fitowa. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ba mai zuwa kafin nan. Rumfunan na buɗe su kudu da arewa, iskar arewa ta rani da ta kudu maso yamma ta damina duka su ratsa. Masallaci kaɗai ya juya arewa maso gabas, inda alƙiblarmu take.

Maganar mata goggona ce ta warware mini ita, tana tankaɗe ina karanta mata jerin abubuwan da na tanada.

"Duk na ji. Mu ina namu?"

"Goggo, ai wurin na kowa ne."

"Na kowa na maza ne. 'Yar uwarka a tsakar gida ta koyi keke, da dare, tana karo da turmi. Kana ganin za ta hau a gaban masu ƙwallo?"

A Khartum an soke dokar nan ta ɗa'ar jama'a a Nuwamban 2019, wadda ta takura wa mata a sutura da fita, an ma fara gasar ƙwallon mata a shekarar, amma garinmu ba Khartum ba ne, kuma zane ba ya canza mutane da ƙarfi. Na yanki wani sashe a tudu na kewaye shi da katangar jan bulo mai ƙananan ramuka, iska na shiga, ido ba ya shiga, da ƙofarsa daban daga titi, da ƙaramin zagayen keke, banɗaki, wurin alwala da inuwar yara. Daga cikinsa wata matakala ta sauka kogi, saboda masu rakiyar amarya da masu jego da suka yi arba'in, waɗanda bisa al'adar mutanen bakin Nilu sukan zo su wanke fuska da ruwan kogi. Goggo ta kuma ce kada in kuskura in kai masu shayi da gahawa wani lungu. Matan nan da 'yan kujerunsu da murhun gawayi su ne ke sa bakin kogi ya zama wurin zama a duk Sudan. Na jera musu gurabe a bakin hanyar ƙafa, kowace da dandamalin murhu, akwatin kulle kaya da famfo kusa, na sa randunan ruwan sha na sadaka a inuwa kamar yadda aka saba.

Abu biyu na hana, na kuma sha tambaya a kansu. Na farko iyo a kogi: ga kada da ke biyo ambaliya, ga tsargiya a ruwan da ya kwanta cikin ciyawa inda dodon koɗin da ke ɗauke da ita ke zama. Na biyu rijiyar masai mai zurfi irin wadda aka saba haƙawa har ta tarar da ruwan ƙasa. A nan ruwan ƙasa shi ne kogi, kogin kuma shi ake sha. Tankin kankare rufaffe na sa, a tudu, inda motar kwasa za ta iso shi daga titi.

Lissafin kuɗi da dala na yi shi, don tun da aka karya darajar fam ɗin Sudan a Fabrairun 2021, daga 55 zuwa 375 a dala guda, farashin siminti na safe ba ya kai yamma. Na raba aikin kashi-kashi yadda na farko zai tsaya da ƙafarsa ko na biyu bai zo ba: kwandunan dutse, hanya, itatuwa, banɗaki da rumfar gyara. Samfurin wurin na yanka shi da kwali, ma'aunin 1 cikin 500, na yi ruwan da farantan roba masu haske guda uku da ake zarewa, na Mayu, na Nuwamba da na 2020.

Ranar karewa, wani malami da aka gayyato daga waje ya zagaya samfurin ya ce bai ga ginin da zai tsaya wa mutum a rai ba, aikin ya fi kama da na injiniyan ban-ruwa. Na ce masa abin kallo a wurin kogi ne, ni wurin zama na yi wa masu kallonsa. Bai gamsu ba, ya rage mini maki a nan, kuma yana da hujjarsa, don sashen zanen gine-gine muke. Wata malama kuma ta zare farantin Nuwamba ta sa na 2020, ta ga filayen ƙwallo sun nutse, ta tambayi wa zai kwashe lakar bayan ruwa ya janye, da kuɗin wa. Na nuna mata shafin kuɗin shiga: hayar filin ƙwallo da dare, hayar keke, kuɗin rumfuna, shiga kuwa kyauta. Lakar kuma masu bulo da masu lambu da kansu za su zo nema da amalanken jaki. Ta ce in ƙara ɗakin ajiye shebur da baro a tudu, na ƙara kafin in miƙa kwafin ƙarshe.

Na kai kwafi ɗaya gida da niyyar a nuna wa masu faɗa a ji ko kashin farko zai samu mai ɗauka. Ana cikin haka yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, kafin ƙarshen shekarar ya ci Wad Madani, a tsakiyar 2024 ya iso Sinja, maganar filin wasa ta zama ba ta lokacin ba. Zanen na nan a waya da kwamfuta. Duk wanda zai ɗauke shi nan gaba, ni ko wani, sai ya sake awon matakin ƙasa da na tsakiya, domin babbar madatsar Habasha da aka fara tara wa ruwa a Yulin 2020 tana rage tsawon ambaliya, tana ƙara ruwan rani, tana kuma riƙe lakar da masu bulo da manoman fadama ke jira. Lissafina na wanda zai kwashe laka kyauta ya dogara ne da lakar da ke raguwa, matakalar dutsen kuma mai yiwuwa ba ta bukatar sauka can ƙasa kamar yadda na zana ta. Layin tudu dai ban yarda a sauko da shi ko taƙi ɗaya ba, saboda kogin da ake sarrafawa daga wata ƙasa ana iya sako shi a ranar da ba a sanar da kowa ba.